Zaɓen Koton Kama Kifin Bas a Gindin Dandamalin Jiragen Ruwa Bayan Ruwan Sama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wani al'amari da bai saba shigowa shafin wasiƙu ba, wato yadda ake zaɓen koton roba da na ƙarfe domin kama kifin da Amurkawa ke kira bas, musamman a gindin dandamalin ɗaure jiragen ruwa bayan an ɗauke ruwan sama. Ni mazaunin jihar Jojiya ne a kudancin Amurka, kuma na daɗe ina kwashe ranakun hutuna a tafkin Laniya, wanda ke da tafiyar kimanin awa guda a mota daga birnin Atlanta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, 'yan uwanmu da suka zo ƙasar nan karatu ko neman abinci sun fara sha'awar fatsa, kuma sau da yawa nakan ga mutum ya zubar da daloli a kanti ya cika akwati da koto kala-kala, ya wuni a kan ruwa washegarin da aka yi ruwan sama, sa'an nan ya koma gida hannu rabbana yana cewa kifin tafkin ne ba ya ci. Su kuma mutanen gida da muke aika wa hotuna ba su daina tambayarmu yadda kifi mai rai zai haɗiyi roba da babu nama a jikinta ba.

Bas kifi ne mafarauci, kamar yadda giwan ruwa yake a kogunanmu, sai dai bai kama ƙafar giwan ruwa a girma ba, domin wanda ya kai kilo biyu ma abin a ɗauki hoto da shi ne. Akwai mai faɗin baki, wanda ya fi son ruwa maras zurfi mai ciyawa da itatuwa, akwai kuma mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi yawa a Laniya kuma ya fi son ruwa mai zurfi da tsabta. Abincinsu ƙananan kifaye ne farare masu walƙiya da ke yawo garke-garke, da wani kifi mai faɗi da ke kama da karfasa, da jatan landen ruwan daɗi, da kwaɗi, da duk wani abin da ya motsa kuma zai shiga baki. Wannan hali nasa na kai wa abu mai motsi cafka tun kafin ya tantance shi ne ya sa ake iya yaudararsa da koton da aka ƙera, kuma a kan wannan yaudara aka gina babbar kasuwa a Amurka, tun daga 1949 lokacin da Nick Creme ya fara yin tanar roba a jihar Ohayo, har zuwa gasannin kuɗi da Ray Scott ya soma shiryawa a 1967.

Shi kuwa dandamalin da nake magana a kai, wanda a nan ake ce wa dok, wata 'yar gada ce ta katako ko ta ƙarfe da mai gida a bakin tafki yake miƙawa cikin ruwa domin ya ɗaure jirginsa, sau da yawa da rufi a kai. A Laniya kaɗai akwai irinsu fiye da 10,000. Kifin bas yana son gindinsu saboda dalilin da duk wanda ya taɓa zama a zaure da tsakar rana ya sani: wanda ke cikin inuwa yana ganin mai wucewa a titi sarai, amma mai wucewa ba ya ganinsa. Ban da inuwa, gansakuka tana fitowa a jikin ginshiƙai da tulunan da ke ɗauke da dandamalin, ƙananan kifaye suna zuwa kiwo a kanta, wasu masu gidajen kuma sukan nutsar da rassan itace a ƙarƙashi da gangan domin su tara kifi. Ke nan wuri ne da ya haɗa maɓoya da abinci, kuma ko ba a yi ruwa ba akwai kifi a wurin. Abin da ruwan sama yake canjawa shi ne inda kifin zai tsaya a jikin dandamalin, da kuma hanyar da zai bi ya gane cewa abinci ya iso gare shi.

Kuskuren da na fi gani, kuma ni ma na daɗe ina yin sa, shi ne mutum ya yanke shawarar koton da zai ɗaura tun yana gida, saboda ya ji an ce koto kaza ne na bayan ruwan sama. Ruwan sama ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da yayyafin dare ɗaya ya yi wa tafki a watan Yuni ya sha bamban da abin da mamakon kwana biyu zai yi masa a watan Fabrairu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, saboda haka aikin farko idan an isa shi ne a gano abin da ruwan na sama ya yi wa na ƙasa. Ni abin da nake yi shi ne in ɗaura farin koto in saukar da shi a gefen jirgi a hankali har ya ɓace mini. Idan ya ɓace tun bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ruwan ya zama kunu. Idan sai da ya kai kamu ɗaya ko biyu, ruwan ya ɗan rine ne kawai, kuma wannan shi ne ruwan da ya fi kowane daɗin fatsa. Idan kuwa ina hangensa har zurfin gaba guda ko fiye, to ruwan saman bai taɓa wannan ɓangare ba, sai in yi masa irin dabarar da ake yi wa ruwa garau. Bayan wannan sai in duba ma'aunin zafin ruwa in kwatanta da na makon jiya, sa'an nan in dubi gaɓa in ga ko ruwan ya hau ya shanye ciyawa da duwatsun da a baya suke a tudu.

Ƙasar arewacin Jojiya ja ce, jar laka mai danƙo wadda duk wanda ya taso a inda ake gini da jar ƙasa zai gane ta da kallo ɗaya, kuma idan aka yi ruwa mai ƙarfi ƙoramu sukan kwaso ta su zuba cikin tafki har ruwan ya koma launin shayi da madara. Tafkin Laniya an same shi ne daga madatsar Bufod da aka gina a shekarun 1950 a kan kogin Catahuci, kuma wannan ya sa yake da fuska biyu bayan ruwan sama: can sama, inda kogin Catahuci da na Cestati suke shigowa, da kuma ƙarshen kowane lungu da ƙorama ke zuba, ruwa yakan yi jawur, alhali kusa da madatsar yana nan fes kamar ba a yi komai ba. Mutum zai iya tashi daga ruwan da ba ya ganin tafin hannunsa a ciki ya isa wanda yake hangen ƙasa cikin tafiyar minti ashirin, kuma koton da ya yi masa aiki a na farko zai iya zama abin tsoro ga kifi a na biyu.

A ruwan da ya zama kunu idon kifi ba ya yi masa aiki sosai, sai ya dogara da wani layi da Allah ya yi masa a kowane gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin girgizar ruwa kamar yadda mutum ke jin wucewar babbar mota a ƙirjinsa ko da bai gan ta ba. Domin haka koton da ya dace shi ne wanda yake tura ruwa ya kuma girgiza shi. Na farko a wurina shi ne koto mai cokali, wato wata lanƙwasasshiyar waya da ke da ƙugiya mai bujen roba a ƙasa da faranti mai juyawa a sama. Farantin iri biyu ne da ya kamata a bambance: akwai siriri mai kama da ganyen turare, wanda aikinsa walƙiya ne kuma ya fi dacewa da ruwa mai tsabta, akwai kuma mai faɗi kamar cokalin miya da ake kira Kolorado, wanda yake dukan ruwa da ƙarfi har mutum ya riƙa jin bugunsa a hannu ta cikin sanda. A jan ruwa na biyun ake so, mai nauyin giram 10 zuwa 14, da buje fari haɗe da rawaya mai ɗaukar ido, kuma a riƙa jawo shi a hankali daidai gwargwadon yadda farantin zai ci gaba da juyawa. Saurin jawowa shi ne ke hana mutane kamu a irin wannan ruwa, domin kifin da ba ya gani yana bukatar lokaci kafin ya gano inda ƙarar take fitowa, kuma ba zai bi abu da gudu ya yi nisa da maɓoyarsa ba.

Na biyu shi ne koton da ake kira ChatterBait da ire-irensa, wanda aka ƙirƙiro a jihar Karolina ta Kudu kuma ya yi tashe tun wajen 2006. Shi farantinsa a goshi yake, kuma maimakon juyawa sai ya riƙa kaɗawa hagu da dama da sauri yana karkarwa. Abin da ya fi mai cokali da shi a gindin dandamali shi ne ya fi dunƙulewa, saboda haka ya fi sauƙin cusawa ta ƙarƙashin katako, amma yana da saurin maƙalewa a itace, kuma wanda ya jefa shi cikin rassan da aka nutsar sai ya shirya yin asarar kuɗinsa. Akwai kuma koto mai siffar kifi da ke da leɓe mai kusurwa huɗu, wanda aka yi shi domin ya bugi ginshiƙi ya kauce ba tare da ƙugiyarsa ta kama ba. Wannan bugu da kaucewa shi ne sirrinsa, domin a daidai lokacin da ya karkace ne kifi yake kai masa hari, kuma wanda ya jawo shi ta tsakiyar ruwa bai taɓa komai ba ya ɓata jifarsa.

Game da launi, mutane sukan yi mamaki idan aka ce musu baƙi ne ya fi fitowa a cikin jan ruwa, amma dalilin a fili yake. Abin da kifi yake iya gani a ruwa mai laka shi ne inuwar abu, kuma baƙi haɗe da shuɗi ya fi kowane launi fitar da siffa, yayin da launin ƙasa-ƙasa ko na gansakuka yake narkewa cikin ruwan ya ɓace. Wannan ne ya sa idan na ga kifi ba ya son bin abu mai tafiya nake komawa kan jig baƙi da shuɗi, wato ƙugiya mai kan dalma da buje da 'yan gashin da ke kare bakinta daga maƙalewa, in ƙara mata jelar roba mai faffaɗan hannuwa irin na jatan lande domin ta riƙa kaɗa ruwa tana sauka. Wasu sukan ƙara 'yar kacau-kacau a jiki, kuma a ruwa mai kauri ƙwarai ina ganin amfaninta, ko da yake a ruwan da ya ɗan rine kawai ban ga ta ƙara mini komai ba.

Sai dai koto komai kyansa ba ya kama kifin da ba ya wurin, kuma laka tana canja mazaunin kifi ta hanya biyu da ya kamata a sani. Ta farko ita ce tana tura shi sama da kuma kusa da gaɓa, domin haske ba ya ratsa jan ruwa ya yi nisa, kuma idan ruwa ya hau ya shanye sabuwar ƙasa yakan tarar da tana da ƙwari a wurin, ƙananan kifaye su bi su, manya su bi ƙananan. Ta biyu ita ce tana sa shi ya manne da abu mai tauri, kamar yadda mutum ke bin bango da hannu idan an ɗauke wuta. Saboda haka wanda ya tsaya yana jifa a bakin dandamali ta wajen zurfi, inda ya saba samu a ranakun da ruwa yake garau, zai iya wuni bai ji ko taɓi ba, alhali kifin yana can baya, a ƙarƙashin siririyar gadar da ta haɗa dandamalin da tudu, cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Na sha cire kifi mai kyau daga wurin da da tsakar rani ko tsuntsu ba zai jiƙa ƙafarsa sosai ba. Jifar kuma sai ta gogi ginshiƙi ko tulu, domin tazarar kamu ɗaya a jan ruwa daidai take da tazarar gari guda.

Wuri biyu nake fara nema kafin kowane. Ɗaya shi ne dandamalin da ke kusa da inda ruwa ke kwararowa daga tudu, ko ta bututu ko ta kwazazzabo, domin wannan kwarara tana kawo abinci da iska mai daɗi, kuma a watannin zafi tana sanyaya ruwan da zafi ya gallaba. Ɗayan shi ne dandamalin da ya faɗo a kan iyakar da ke tsakanin jan ruwa da farin ruwa, wadda wani lokaci takan fito ƙarara kamar an ja ta da zare. Kifin bas yakan laɓe a ɓangaren laka yana leƙen ɓangaren tsabta, kuma idan aka jawo koto mai cokali daidai kan wannan iyaka ta gefen dandamali, an haɗa masa maɓoya biyu a wuri guda. Iyakar tana tafiya da iska da kwararar ruwa, saboda haka dandamalin da ya ba da kifi uku da safe zai iya mutuwa da azahar, na gabansa ya ɗauka.

Duk abin da na faɗa ya shafi ruwan sama mai ɗumi ne, irin na ƙarshen Maris da Afrilu, lokacin da zafin tafki yake hawa zuwa digiri 15 ko 18 a ma'aunin Salsiyas kuma kifi yake matsowa gaɓa domin saka ƙwai, da kuma irin na watannin zafi. Ruwan sama mai sanyi da ya zo da laka a watan Janairu ko Fabrairu wani abu ne daban, kuma ban san wani yanayi da ya fi shi wuya ba. Kifi jininsa yana bin zafin ruwan da yake ciki, saboda haka idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 jikinsa yakan mutu, ga shi kuma ba ya gani. A irin wannan rana shawarata ita ce a bar jan ruwa gaba ɗaya a koma wajen madatsa, in kuwa babu hali, a jira kwana biyu ko uku rana ta fito, domin ruwa mai laka ya fi ruwa garau saurin ɗaukar zafi, kuma baƙaƙen tulunan da ke ƙarƙashin dandamali sukan ɗumama ruwan da ke kewaye da su kaɗan, abin da ya isa ya jawo kifi ya jingina da su da la'asar.

Akwai kuma bambanci tsakanin awannin farko bayan ɗaukewar ruwa da washegari. Matuƙar gajimare bai watse ba kuma iska tana ɗan kaɗawa, kifi yakan bar ƙarƙashin dandamali ya riƙa zagaya gefensa, domin ko'ina inuwa ce, kuma a wannan lokaci koton saman ruwa yana aiki, ko mai farfela da ke tafe yana fantsama ruwa, ko mai siffar sigari irin Zara Spook da ake wa rawa hagu da dama. Babu abin da ya kai ganin kifi ya fasa ruwa ya cafke koto a gaban idonka daɗi, sai dai a yi haƙuri kada a fizge sanda da ganin fantsamar, a bari sai an ji nauyi. Amma idan hadarin ya wuce, gari ya waye sama ta yi tas babu ko ɗigon gajimare, iska ta juyo daga arewa da sanyi-sanyi, to ranar da ta fi kyau a ido ita ce ta fi wuyar kamu. Kifi yakan shige can ƙuryar inuwa ya yi shiru, kuma idan ruwan garau ne, karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta tabbata a kanka, domin zai ga jirginka da inuwarka da zarenka tun kafin ka yi jifa.

A wannan hali sai a ajiye duk wani abu mai ƙara a ɗauko tanar roba irin Senko, wadda Gary Yamamoto ya fitar, mai launin gansakuka ko na bawon kankana, a soke ta da ƙugiya ta tsakiya ba tare da an sa mata dalma ba, ta yadda idan tana nutsewa bakinta biyu za su riƙa rawa a hankali. Zare kuma a sa siriri wanda ba ya fitowa a ruwa, a ja jirgi baya, a rage motsi. Babban aikin shi ne isar da koton inda sauran masu fatsa ba sa iya kaiwa, kuma hanyar ita ce a jefa shi ƙasa-ƙasa ya riƙa tsalle a kan ruwa, daidai yadda muke wasa da fasasshen kasko a kududdufi muna yara, har ya shige ta 'yar tazarar da ke tsakanin katako da ruwa ya isa ƙuryar duhu. Koyon wannan jifa ya ci mini zare mai yawa da haƙuri mai yawa, kuma ina ba duk mai farawa shawara ya koya a fili inda babu jirgin kowa, domin ƙugiyar da ta huda kujerar jirgin wani ba ta barin zumunci.

Wani abu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne, dandamali iri biyu ne kuma kowane da koton da ya dace da shi. Na Laniya masu iyo ne a kan tuluna, saboda ruwan tafkin yana hawa yana sauka gwargwadon yadda ake sarrafa madatsar, kuma wani zai iya kasancewa a kan ruwa mai zurfin mita shida ko fiye. Kifin da ke ƙarƙashin irin wannan ba a ƙasa yake ba, yana rataye ne dab da tulunan, saboda haka jig mai nauyi zai wuce shi kamar dutse ya tafi inda babu kowa. Nan ake son abu mai nutsewa a hankali, ko kuma a jawo jig mara nauyi yana iyo ta ƙarƙashin tulun. A tafkunan Sinkilaya da Okoni kuwa, waɗanda su ma a Jojiya suke, ruwa ba ya canjawa sosai, dandamali da yawa a kan ginshiƙai suke da aka kafa a ƙasa, kuma a can ne jig mai nauyi yake cin kasuwarsa, a sake shi ya bi jikin ginshiƙi har ƙasa da zare a sake, ido kuma a kan zaren, domin sau da yawa kifi yana ɗauka ne tun koton bai kai ƙasa ba, alamar kawai ita ce zaren ya ɗan yi tsalle ko ya nufi gefe.

Na koyi yawancin wannan ne a wata Asabar ta watan Afrilu bayan an kwana ana ruwa, ranar da na fita da wani abokina, na nace da tanar roba mai launin gansakuka saboda ita ta ba ni kifi makon da ya gabata. Har rana ta take ban ji komai ba, shi kuwa yana bayan jirgi da tsohon koto mai cokali wanda fentinsa ya goge, yana jawo shi a hankali ta bayan dandamali inda ni nake tsallakewa, ya cire huɗu. Da na ajiye girman kai na karɓi irin nasa sai na samu biyu kafin mu tashi. Washegari muka koma, sama ta washe, muka gangara wajen madatsa, sai ga shi mai cokalin bai samu ko kallo ba, tanar da ta kunyata ni jiya ita ta fitar da mu kunya. Tafki ɗaya ne, mutane biyu ne, akwati ɗaya ne.

Masu tarihin wannan wasa ma suna da hujjar girmama ranar da ta biyo bayan ruwan sama. A ranar 2 ga Yuni 1932 wani matashin manomi mai suna George Perry, da ya ga gonarsa ta jiƙe ba ta nomuwa, ya tafi fatsa a tafkin Mongomeri da ke gefen kogin Okmulgi a nan Jojiya, ya kama bas mai faɗin baki da ya kai fam 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai, kuma da koton katako mai siffar kifi ya kama shi. Babu wanda ya kamo wannan nauyi a littafin bajinta na duniya sai a 2009, lokacin da Manabu Kurita ya kama makamancinsa a tafkin Biwa na Japan aka ba su kunnen doki. Perry kuwa bai ajiye kifin domin ado ba, gida ya kai shi aka soya, domin zamanin matsin tattalin arziki ne.

Kafin in rufe, Malam Edita, akwai gargaɗin da ba zan iya tsallakewa ba tunda maganar ruwan sama ake yi. Sandunan fatsa na zamani da wani sinadari ake yin su mai ɗaukar wutar lantarki, kuma mutumin da ke tsaye a jirgi a tsakiyar tafki shi ne abu mafi tsawo a wurin. Hukumar yanayi ta Amurka tana ba da shawarar a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma fili, kuma babu kifin da ya kai a saɓa wa wannan. Dandamali da yawa kuma an ja musu wutar lantarki, wadda idan waya ta lalace takan zuba cikin ruwa, saboda haka kada koto ya maƙale mutum ya ce zai shiga ruwa ya ciro shi. Haka nan ruwan tafki na kowa ne amma dandamalin na mai shi ne, ba a taka shi ba tare da izini ba, kuma idan ƙugiya ta kama igiyar jirgi ko rufinsa a matsa a cire ta da hannu maimakon a tsinke zare a bar ta inda yaro zai taka. Jihar Jojiya tana bukatar duk wanda ya kai shekara 16 ya yanki lasisin kamun kifi, wanda ake iya saye ta intanet cikin 'yan mintoci, kuma kowane tafki yana da ƙa'idar tsawon kifin da aka yarda a tafi da shi gida. A Laniya, bas da bai kai inci 14 ba sai a mayar da shi ruwa.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Jojiya, Amurka